Taswirar waya ba ta san ƙishirwa ba

Jiya na tarar da ɗan ƙanwata yana ɗaure jaka a kariyar kekensa, wai zai ratsa karkara kilomita 120 a yini guda. Gorar ruwa ɗaya tal. Na ce ina famfo? Sai ya miƙo mini waya: "Kawu, taswira ta ce awa shida ce." Yaran yanzu ke nan, komai sai waya ta faɗa.

Sai dai ba ni da bakin faɗa, don ni ma na taɓa tafka irinta. Sai da rana ta ɗaga na fita, da lissafin kwalta a kaina, kilomita 20 a awa. Da na sauka burji, yashi ya riƙe taya, iska na dukan ƙirji, rabin haka ma da ƙyar. To amma wa ya koya mini? A lokacin ba mai yin irin wannan tafiya da zan tambaya. Ko da yake, tsakani da Allah, wani dattijo a bakin rijiya ya ce in cika gorata, na ce akwai ruwa a gaba. Babu. Ga shi ban ci komai ba, wai kada in yi nauyi, ban san cewa sukarin da jiki ke ajiyewa yakan ƙare cikin kamar awa biyu na tuƙi mai ƙarfi ba. Ƙafa ta ƙi feda, hannu na rawa, ido na ganin duhu-duhu. Ana cikin haka ƙaya ta huda taya. Faci na nan, sholisho ya bushe ƙamas. Da tura keke na kai magariba. Har yau wani lokaci nakan ce iskar ce ta kayar da ni, ba wauta ba.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, amma kun iya saurare? Ga kaɗan. Ku fita da asuba. Cikin zafi ku lissafa rabin lita zuwa lita ɗaya a kowace awa, kuma duk inda kuka ga ruwa ku cika, ko da gora ba ta yi rabi ba. Gumi na tafiya da gishiri, don haka a lita ɗaya ku zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ku ci tun yunwa ba ta zo ba. Fitsari ya yi ja, ku nemi inuwa.

Kada ku tafi ku kaɗai. Ko da yake ni kaɗaicin ne ya sa na so abin, kuma gobe ma ni kaɗai zan tafi. Wayar da nake zagi kuwa ku riƙe ta da caji, amma inda za ku ba lalle a sami sabis ba, saboda haka ku gaya wa mutanen gida hanyar da za ku bi da lokacin da za a fara nemanku. Kuma don Allah ku koyi yin faci a tsakar gida, ba wai ku kalli bidiyo ku ce kun iya ba.