Godiya ga Duk Wanda Ya Tsaya Mana a Jinyar Ƙaninmu

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an sallamo ƙaninmu daga asibiti, yanzu yana takawa da sanda. A madadin iyayenmu da dangi baki ɗaya, muna yi wa kowa godiya.

Jama'a da dama sun tambaye mu abin da ya same shi. Tsargiya ce, amma ba irin wadda aka sani da fitsarin jini ba. Tsutsarta tana shiga ta fata ne a ruwan dam da magudanan noman rani inda katantanwa ke zama. Jefi-jefi ƙwanta kan bi jijiyar jini ya maƙale a ƙarshen laka, daidai kugu, wurin ya kumbura. Sai ciwon baya, ƙafafu su yi nauyi, fitsari da bayan gida su tsaya.

Godiya ta farko ga likitan ƙwaƙwalwa da laka da ya tambayi inda yaron ke wanka kafin ya ce komai. Cutar tana kama da tarin fukan ƙashin baya ko ƙari, kuma sau da yawa ba a ganin ƙwai a fitsari ko bayan gida. Hoton MRI da gwajin jini da na ruwan laka su suka nuna hanya, aka tsira daga tiyata.

Likita, Allah Ya saka da alheri kan tsarin maganin. An fara da methylprednisolone ta jijiya don kumburin ya sauka, sannan praziquantel, maganin tsargiya, gwargwadon nauyinsa. Praziquantel manyan tsutsotsi yake kashewa, ba ya cire ƙwan da ya riga ya maƙale, shi ya sa prednisolone, maganin kumburin da yake sha yanzu, zai ɗauki watanni ana rage shi sannu a hankali. A nan ne masu jinya da yawa ke kuskure: da zarar ƙafa ta motsa sai su dakatar da shi, kumburin ya dawo.

Ma'aikatan jinya, ba mu da bakin gode muku. Juya shi duk bayan awa biyu ya hana gyambon kwanciya, tsaftar robar fitsari ta hana ciwon mafitsara, ga awon sukari da hawan jini saboda maganin kumburin. Haka masu gashin ƙashi da suka fara motsa masa gaɓoɓi tun yana kwance.

Maƙwabta da abokan kasuwar Baba da suka haɗa kuɗin hoto, da malaman da suka yi ta addu'a, Allah Ya biya ku.

Ƙarfin ƙafa ya fi saurin dawowa, riƙe fitsari ne ke jan lokaci, don haka har yanzu yana bukatar addu'arku. Masu son zuwa dubiya su zo bayan la'asar, da safe yana wurin gashi.