Abin da ɗan ƙaramin parkin ya koya mini kan ruwan damina a Yamai

Duk wanda zai zuba beto ko kwalta a fili a garin nan, tun kafin ya kira magina ya fara tambayar kansa ina ruwan zai bi in ya bar filin. A wani ɗan shantiye na gane haka sosai, parkin ne gaban wasu shaguna, mita 20 a kan 30, irin aikin da ake cewa ai ba komai, a baje jar ƙasa a daddaɓe a zuba siminti a tashi.

To a yi lissafi mana. Milimita 1 na ruwan sama a kan mita murabba'i 1, lita 1 ke nan. Filin mita murabba'i 600 ne, in aka yi ruwan milimita 50, wanda a watan Agusta dare ɗaya ma yana iya saukowa, lita 30,000 ke nan, tano 150 cike. Da can rairayi ke shanye mafi yawansa, amma da zarar an rufe da beto kusan kashi 90 cikin 100 gudu zai yi. Ruwan shekara a Yamai bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba, sai dai cikin wata uku zuwa huɗu yake zubowa, kuma da ƙarfi.

Mai filin ya ce min, "Malam, ka karkata shi titi kawai." Na ce, "Alhaji, titin nan ba kanibo da zai kwashe ruwan, kuma gidan da ke gangare na laka ne, katangar bayin Allah za mu kayar." Wallahi wannan ne ke damuna a garin nan, kowa ya ture ruwansa waje ya rufe ƙofa, a ƙarshe duk ya taru ya gangara Gunti Yena, kwazazzabon da ya ratsa garin, da unguwannin da ke kwari, masu ƙaramin ƙarfi su kwana suna kwalfe ɗaki.

Sai muka sa pave, ƙananan tubalan siminti da ake jerawa a ƙasa, maimakon beto don ruwa ya riƙa shiga ta tsakani, muka ba filin gangara santimita 2 a kowace mita zuwa gefe guda, can kuma muka gina rijiyar tsotse ruwa muka cika ta da duwatsu, nesa da tushen gini. Kafin nan sai da muka haƙa rami muka cika shi da ruwa muna kallon yadda yake sauka, don wasu wuraren rairayin sama ne kawai, ƙasansa marmara ce mai tauri, ba ta sha.

Abin da ya fi ba ni aiki ma rairayi ne da leda. Tiyo da aka binne, damina ɗaya ta isa ya toshe, kuma ba mai ganin cikinsa sai ranar da ruwa ya dawo baya. Shi ya sa na nace a yi buɗaɗɗen kanibo da marafan siminti da mutum biyu za su iya ɗagawa, na ƙarfe kam ɓarayi ba sa bari. Kafin bakin rijiyar muka yi ɗan rami mai zurfi inda rairayin zai kwanta, ruwa ya wuce ta sama.

Alhaji ya yi ƙorafin kuɗi, amma ya yarda. Muka kuma daidaita da maigadi cewa kowane watan Mayu zai buɗe marafan ya yashe da shebur, haka ma bayan duk wani babban ruwa.