Watanni takwas a gonar tarihi: ramin ajiya da abin da ya koya min

Jiya na miƙa makullin ɗakin ajiya na cire rigar nan ta 'yan 1770 mai ƙaiƙayi, shi kenan na gama. Ku da za ku zo aikin koyon sana'a bayana a gonar nan ta jihar Bajiniya a Amurka, inda ake nuna wa baƙi yadda ake noma da rayuwa a zamanin da, musamman 'yan gida masu karatun noma ko tarihi, ga nawa labarin, wanda ya ga zai amfane shi ya ɗauka.

Abin da ya kayar da ni shi ne rumbu. Ni a gidanmu na tashi na ga gero da dawa a rumbu, kuma dokar guda ce, danshi abokin gaba ne, in laima ta shiga to ka yi asara. Da wannan kan na shiga ramin ajiyarsu na ƙarƙashin ƙasa a watan Janairu, na taɓa bango na ji sanyi da jiƙa, na tura hannu cikin gangar da aka binne karas da tanip na ji yashin a jiƙe, sai zuciyata ta ce kai wannan ai sakaci ne, bari in gyara musu. Na zazzage yashin na shanya, na jera karas a kan katako, sannan don iska ta ratsa na bar ƙyauren a buɗe na tafi gida ina jin kaina gwani. Daren nan aka yi jaura. Da safe dankalin turawan da ke kusa da ƙofa ya daskare, da ya narke ya koma ruwa-ruwa yana wari, karas kuwa cikin 'yan kwanaki duk ya yanƙwane kamar fatar tsohuwa.

Ashe shi wannan rami danshin ne ransa. Ana son sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 0 da 4 na ma'aunin Celsius, laimar iska kuma wajen kashi 85 zuwa 95 cikin ɗari, ƙasar da ta rufe shi ita ke tare masa ƙanƙara daga sama, jiƙaƙƙen yashin kuma shi ke hana saiwar zubar da ruwan jikinta. Ba wanda ya taɓa faɗa min wannan. Madam, shugabar sashenmu, wata takarda ɗaya ta ba ni ranar farko kan yadda ake yi wa baƙi murmushi. Amma ranar da abin ya faru a gaban ɗaliban firamare da suka zo yawon buɗe ido ta ɗaga karas guda ta ce su kalli abin da ke sa iyali su kwana da yunwa a zamanin da, tana kallona. Ta kawo musu har zancen hunturun 1609 zuwa 1610 a Jamestown, sansanin Turawan Ingila a Bajiniya, inda yunwa ta sa mutum kusan 60 kawai suka rage. Yara suna dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Laifina ne, na yarda, amma dai.

To sai ga dankalin Hausa. Tun a kaka na ce mata kada a saka shi a ramin sanyi, shi ba ya son ƙasa da digiri 13 ko makamancin haka, cikinsa ke baƙi ya ruɓe. Na ma nuna mata cewa masu tonon tarihi sun samu ƙananan ramuka a gaban murhu cikin ɗakunan bayi a yankin nan, har da Monticello, gonar tsohon shugaban Amurka Thomas Jefferson, kuma irin waɗannan ramuka masu ɗumi su ne wurin ajiyar dankalin. Ta ce an ji. Da ya ruɓe a Fabrairu aka rubuta shi cikin ɓarnar ƙyauren da na bari. Yanzu akwai sabon rami a gaban murhun ɗakin bayin gonar, da allo mai kyau na bayani, sunan da ke rahoton kuma ba nawa ba ne. Ba komai, Allah na gani.

Sauran kuwa a gurguje. Kada ka haɗa tuffa da karas, iskar etilin da tuffa ke fitarwa tana sa karas ɗaci. Albasa da kabewa su busasshen wuri suke so, a sama cikin gida, nan kam ilimin rumbu ya yi aiki. Dankalin turawa in ya ga haske ya yi kore, a zubar. Kada a wanke saiwa kafin a ajiye. In baƙo ya tambaye ka ina kwalaben adana abinci, ka ce masa irin wannan kwalba mai murfi, wato kwalbar Mason, sai 1858 aka ƙirƙiro ta, mutanen nan gishiri da hayaƙi da rami suka sani. Kuma duk shawarar da za ka ba Madam, tura ta imel, ka ajiye kwafi.

Ma'aunin zafin da ke rataye bayan ganga ta uku da kuɗina na saya, na bar muku shi.