Abin da yarjejeniyar Tekun Ross ta koya min

A karatun dokar muhalli, abin da ya fi ɗaukar hankalin ɗalibai shi ne alƙaluma. A 2010, a Nagoya ta Japan, ƙasashe suka yi alkawarin kare kashi 10 cikin ɗari na teku kafin 2020. A Disamban 2022, a Montreal ta Kanada, aka ɗaga zuwa kashi 30 kafin 2030. Furta irin wannan ba ya yi wa shugaba wuya a taro. Ni dai sai da aka ba mu nazarin yarjejeniyar Tekun Ross, can a Antaktika, na gane inda gizo yake saƙar.

Amurka da New Zealand ne suka kawo shawarar ware wani yanki na tekun don kare halittunsa a 2012, amma CCAMLR, hukumar ƙasashen da ke kula da halittun tekun Antaktika, ba ta yanke hukunci sai kowa ya yarda. China ta sauko a 2015, Rasha a 2016, sannan aka amince a birnin Hobart na Ostireliya. Yankin ya kai murabba'in kilomita miliyan 1.55, kuma an hana kamun kifi na kasuwanci a kusan kashi 72 cikin ɗari. Sauran an bar ƙofa a buɗe, har da wani sashe da ake kama kifi da sunan bincike.

Sai kuma wa'adi, wanda shi ya fi tsaya min a rai: shekara 35. Kariyar ta fara aiki a Disamban 2017, za ta ƙare a 2052, sai fa in duka ƙasashen sun sake amincewa. Ke nan ƙasa ɗaya tak ta noƙe, shi ke nan. Da wannan sassauci aka samu sa hannun masu turjiya, kuma ban ga laifin masu sulhun ba, tunda da babu gara ba daɗi. Amma kifin da ake karewa a wurin kan yi shekara da shekaru kafin ya fara haihuwa.

Tun daga nan, in aka miƙo min irin wannan takarda, nakan tsallake gabatarwa in nemi me aka haramta, wa zai sa ido, wa zai biya kuɗin sintiri. Wani bincike na 2018 ya gano jiragen da ke jan koma suna aiki a kashi 59 cikin ɗari na yankuna 727 da Turai ta ce ta kare. Waɗannan yankunan ma a takarda duk an lissafa su cikin alkawarin da aka cika.