Kalmomin farko na harshen Zulu, da inda mai koyo ke tuntuɓe

Duk wanda zai koyi Zulu, harshen da ya fi yawan masu magana da shi a gida a Afirka ta Kudu, ya fara da gaisuwa. Mutum ɗaya ake ce wa sawubona, jama'a kuwa sanibonani. Amsa ita ce yebo. Sai ka ce unjani, wato kana lafiya, a ce maka ngiyaphila. Godiya kuma ngiyabonga. Wajen rabuwa, mai tafiya ake ce wa hamba kahle, shi kuma ya ce wa mai zama sala kahle. Kada a juya su.

Furuci ne ke ba da wahala. Haruffan c, q da x ƙarar harshe ce. Ga c, ka manna kan harshe a bayan haƙoran sama ka saki, kamar mai tsaki: cha, ma'ana a'a. Ga q, harshe na barin ganɗa da ƙarfi, kamar an buɗe kwalba: iqanda, ƙwai. X kuma daga gefen baki take fita. Ph ba f ba ce, p ce mai iska. Bahaushe ya yi sa'a a wuri ɗaya: b ta Zulu kusan ɓ ɗinmu ce.

Jam'i a farkon kalma yake: umuntu mutum, abantu mutane, inja kare, izinja karnuka. Shawarata, haddace tilo da jam'i tare, domin ƙamus da dama ta tushe suke jera suna, umuntu a ƙarƙashin -ntu.