Yaro Mai Fitsarin Kwance Ba Da Gangan Yake Yi Ba

Ƙannena masu ƙananan yara a Aboabo da Asawase da Sabon Zango a nan Kumasi, ku da mazanku, yau zan yi muku maganar da ba a cika yi a fili ba. A gidan haya kowa ya san ɗakin da ake fito da katifa a shanya da hantsi, amma sai a kau da kai, ko a bar yaran gida su yi ta tsokana. Ɗana na biyu ya yi fitsarin kwance har ya kusa gama firamare. Yanzu magidanci ne, kuma da yardarsa nake wannan rubutu, domin yawancin abin da na yi masa a farko cutarwa ce, ba na so ku bi sawuna.

Na doke shi. Na sa shi ya ɗauki tabarmarsa ya fito tsakar gida, yara suna binsa suna kiransa amalala. Da wata tsohuwa ta ce a ɗaura masa kwaɗo a ƙugu, ban hana ba. Fitsarin bai ragu ko kaɗan ba. Abin da ya ƙaru shi ne yaro ya koyi ɓoye jiƙaƙƙen wando a bayan akwati, yana hana kansa barci don tsoro, da rana kuma ya yi ta gyangyaɗi a aji. Yaron da ke da surutu ya koma shiru. Har yau idan na tuna, zuciyata ba ta yi mini daɗi.

Na ɗauka lalaci ne, ashe lamarin jiki ne. Da dare jikin mutum yana ƙara sakin wani sinadari da likitoci ke kira basofuresin, wanda ke sa ƙoda ta rage yin fitsari. Wasu yaran jikinsu bai fara sakin isasshe ba tukuna. Wasu kuma mafitsararsu ba ta ɗaukar da yawa, ko tana matsewa tun ba ta cika ba. Sannan ga nauyin barci: mafitsara ta cika, amma ƙwaƙwalwa ba ta tashe shi ba. Wanda ke barci bai san abin da ake ciki ba, to me duka zai koya masa? Cikin yara 100 'yan shekara 5, kusan 15 suna yi. A shekara 10 saura kamar 5. Maza sun fi mata, kuma kowace shekara wasu suna dainawa da kansu ba tare da magani ba.

Ana gadonsa ma. Idan ɗaya daga cikin iyaye ya yi yana yaro, kusan 4 cikin 10 na 'ya'yansa za su yi. Idan duka biyun ne, kusan 3 cikin 4. Sai da aka daɗe surukata ta ja ni gefe ta ce, "'Yar nan, ki daina dukan yaron nan. Ubansa ma sai da ya yi wayo sosai ya bari." Na ce, "Hajiya, da kin faɗa mini tun farko." Ku maza, idan kun san kun yi, ku gaya wa 'ya'yanku a keɓe. Ranar da babansa ya zaunar da shi ya faɗa masa, na ga yaron ya ɗago kai.

Kuskuren da ya fi ja mana lokaci shi ne na ruwa. Daga la'asar nake hana shi sha, a zafin Kumasi, yana roƙona ina ƙi. Ban san cewa a makaranta ma ba ya sha ba, saboda bayan gidan wurin ya ƙazantu, ba ya son shiga. Yakan riƙe fitsari da bahaya tun safe har a tashi. In ya dawo da ƙishirwa, sai ya faki idona ya shanye ledar ruwa biyu ko uku da magariba, kowace leda kuwa rabin lita ce. Ruwan wuni guda ke nan ya taru a daidai lokacin kwanciya.

Wata nas ce ta buɗe mini ido. Ta tambaye ni, "Mma, sau nawa yake bahaya a mako?" Na rasa amsa. Na san adadin daren da ya jiƙa shimfiɗa, amma wannan ban taɓa lura ba. Ashe sai ya yi kwanaki bai je ba, in ya je kuma da ƙyar. Abincinsa gari ne da burodi da dokunu da farar shinkafa. Ta bayyana mini cewa ƙarshen hanji yana bayan mafitsara ne, idan ya cika da busasshen bahaya sai ya danne ta, ta kasa ɗaukar fitsari yadda ya kamata, ta riƙa matsewa ba shiri. Yara da yawa da zarar an warware musu taurin ciki sai fitsarin ya ragu, wasu ya tsaya gaba ɗaya.

Daga nan muka juya tsarin. Ruwa sosai da safe da tsakar rana, da gorarsa a jaka. Na je na sami malamarsa a keɓe, ba a gaban 'yan aji ba, na roƙe ta ta riƙa barinsa ya fita idan ya nema. Gwanda da lemo da abarba suka shigo gida, ga su nan da araha a kasuwar Kejetiya lokacinsu. Wake da miyar ayoyo da kontomire, wato ganyen gwaza, suka yawaita. Bayan kokon safe ya je ya tsuguna ko bai ji ba, likita kuma ya ba mu maganin sassauta ciki na wani lokaci. Da dare aka daina ba shi shayi da Coca-Cola, domin suna ƙara fitsari, a rage sha kamar awa ɗaya ko biyu kafin barci, ya yi fitsari sannan ya kwanta. Ba a dare ɗaya aka ga canji ba, sai da aka ɗauki watanni, ana samu ana rasawa.

Ku duba hanyar bayan gida ma. A gidanmu yana can ƙarshen tsakar gida, in an ɗauke wuta ko babba sai ya yi shahada. Bokiti mai murfi a lungun ɗaki da tocila kusa da matashinsa sun yi aiki. A sa leda a ƙarƙashin zanen gado, a ajiye wando na canji. Da asuba ya yi wanka da sabulu kafin salla da makaranta, don wari shi ke tona yaro a cikin abokansa. Yana iya taya ki wanke zane, amma a matsayin taimako, ba horo ba. Ki yabe shi a kan abin da ke hannunsa, kamar shan ruwan rana da fitsari kafin kwanciya. Ɗaga shi cikin magagi da tsakar dare, wanda na sha yi, yana iya tsare katifa, amma ba ya koya wa jiki farkawa.

Akwai lokacin da ba a jira. Idan yaro ya yi wata 6 ko fiye ba ya yi sannan ya dawo, a kai shi asibiti. Haka idan yana yawan ƙishirwa yana ramewa, don ciwon sukari yana kama yara. Haka idan yana jin zafin fitsari, ko yana jiƙa wando da rana, ko yana minshari mai ƙarfi. Jini a fitsari kuwa, musamman ga mai wanka a rafi, yana iya zama tsargiya. A kuma tambayi yaro a hankali ko wani abu na damunsa, musamman ɗan riƙon da aka kawo daga nesa, ko wanda ake cin zalinsa bai faɗa ba.

Masu yara 'yan sikila, ku ji wannan da kyau. Ƙodarsu ba ta iya tattara fitsari, shi ya sa fitsarin kwance ya fi yawa a cikinsu, kuma hana su ruwa yana tayar da ciwon. Kada ku hana su ko da dare. A Gana kusan jarirai 2 cikin 100 ake haifa da sikila, kuma tun 1995 aka fara gwada jarirai a nan Kumasi. Wadda ba ta san jinin ɗanta ba ta je a gwada.

Kada ku sayi ƙwaya a shagon magani da ka, ko haɗin da ake talla a mota. Akwai tsohon magani mai suna imifiramin da ke iya taɓa zuciyar yaro in ya yi yawa. Akwai desmofuresin da ke rage fitsarin dare, amma likita ke rubuta shi, kuma dole a tsayar da shan ruwa daga awa 1 kafin a sha shi har awa 8 bayansa. Akwai kuma 'yar ƙararrawa da ake maƙalawa a wando, tana yin ƙara da zarar ta ji danshi. Tana bukatar haƙurin wata 2 zuwa 3, kuma ku za ku riƙa tashe shi a farko, amma ita ta fi kawo waraka mai ɗorewa.

Idan yaronku ya kai shekara 7 abin bai sassauta ba, ko yana damunsa tun kafin nan, kada ku bari sai ya rubuta jarrabawar BECE ta gama ƙaramar sakandare ana haɗa masa akwatin makarantar kwana. Ku ɗauki katin inshorar lafiya ku je asibitin unguwa, in da bukata za su tura ku babban asibitin Komfo Anokye. Kafin ku je, ku rubuta na mako biyu: me ya sha da yaushe, sau nawa ya yi fitsari da rana, yaushe ya yi bahaya, da daren da ya jiƙa.