Rera Tsohon Jaz da Sabuwar Murya: Abin da Aikin Ya Koya Mini

A watan Fabrairun 2023, Samara Joy, 'yar shekara 23 daga unguwar Bronx ta birnin New York, ta karɓi kyautar Grammy biyu: ta sabon mawaƙin da ya fi fice, da ta kundin jaz na murya. Kundin, mai suna Linger Awhile, ya fito a 2022 daga kamfanin Verve, wanda Ella Fitzgerald ta fara yi wa jerin faya-fayanta a 1956. Yawancin waƙoƙin cikinsa an rubuta su ne tsakanin shekarun 1920 da na 1950. Mai son bin wannan sawu, in ya shigo situdiyo, kusan kullum da tambayar makirufo yake farawa: wanne ne ke ba da tsohon sautin nan? Abin da aikin ya koya mini shi ne makirufo ne na ƙarshe a layi. Tsufan wannan waƙa yana cikin yadda mawaƙi ke tafiya da lokaci, da yadda yake furta kalma, da zamansa a ɗaki ɗaya da makaɗa.

Lokaci shi ne tushe, kuma a nan aka fi faɗuwa. A yawancin kiɗan jaz kowace gaɓa, wato rukunin bugun da ake maimaita ƙirgawa, bugu huɗu ce, nauyin kuma yana kan na biyu da na huɗu. Wanda ya tashi da kiɗan da kwamfuta ke tsarawa, jikinsa na ɗaya da na uku yake nema, ko tafi ya yi a can zai sauka. Maganin da na ga yana aiki shi ne na'urar ƙidayar bugu. Idan waƙar tana tafiya bugu 120 a minti, a saita na'urar a 60, a ɗauki kowane ƙaranta a matsayin bugu na biyu da na huɗu, mawaƙi ya cike na ɗaya da na uku a ransa. Kwanakin farko kunne zai riƙa juyewa, ya mayar da ƙarar ta zama bugu na ɗaya. In haka ta faru a tsaya, a ƙirga da baki, a sake shiga. Minti goma kullum ya fi awa biyu ranar Asabar.

A cikin kowane bugu kuma akwai rabon da ake kira suwin: sauti biyu, na farko dogo, na biyu gajere. A matsakaicin sauri dogon yana cin kusan kashi biyu cikin uku na bugun. Bahaushe yana da kunnen wannan tun daga harshensa, domin bambancin dogon wasali da gajere shi ke raba kalma da kalma, kuma a kansa karin rubutacciyar waƙa yake tsaye. Kuskuren da ake yi shi ne a riƙe rabon nan daram a kowane sauri. Idan kiɗa ya haura bugu 200 a minti, sautukan biyu suna kusan daidaita; wanda ya nace sai ya yi dogo da gajere a wannan gudu, waƙarsa za ta riƙa ɗingishi. A waƙa mai jan jiki kuwa rabon yana buɗewa.

Sai maganar jinkiri, abin da aka san mawaƙiyar jaz Billie Holiday da shi. Takan shigo bayan bugu ya wuce, kamar mai hira da ba ta gaggawa. Masu kwaikwayo suna jin jinkirin, ba sa jin biyan bashin. Duk lokacin da ta ara a farkon jimla, tana mayar da shi kafin haɗin sautin da makaɗa ke bugawa a ƙarƙashin murya ya canja, ko dai ta haɗe kalmomin tsakiya da sauri, ko ta taƙaita ta ƙarshe. Wanda bai biya ba, jinkirinsa yana taruwa, kafin gaɓa takwas ya sami kansa yana rera sautin da ya dace da haɗin da ya riga ya wuce. Makaɗa marasa ƙwari sai su rage gudu don su jira shi, waƙar da ta fara a 90 ta ƙare a 78. Ƙa'idar da nake ba kowa ita ce kada ya taɓa jinkiri sai ya iya rera karin yadda aka rubuta shi, daidai kan bugu, babu kiɗa, tun daga farko har ƙarshe.

Ginin waƙoƙin ba shi da wuya. Mafi yawansu gaɓa 32 ne, an raba su takwas-takwas: sashe na farko, maimaicinsa, gada mai wani kari daban, sai komawa na farko. Bugu 128 ke nan. A saurin 120 zagaye ɗaya daƙiƙa 64 ne, a saurin 60 kuwa minti biyu da daƙiƙa takwas. Faifan garmaho mai inci goma, mai juyi 78 a minti, kusan minti uku yake ɗauka a gefe ɗaya, shi ya sa tsarin zamanin ya zama mawaƙi ya yi zagaye ɗaya, mai busa ko mai fiyano ya karɓa, mawaƙi ya dawo ya rufe. Ƙarancin filin nan ya koya musu kada su ɓata gaɓa ko ɗaya. Yau babu faifan da ke takura kowa, amma waƙa mai jan jiki da aka yi wa zagaye uku cikakku ta haura minti shida, kuma ba kowace murya ke riƙe mai sauraro haka ba. Zagaye ɗaya da rabi, a dawo daga gada, ya isa. Inda mawaƙa suka fi ɓata shi ne bayan makaɗi ya gama nasa: hankali ya tafi, a shiga gada alhali saura sashe guda. Maganinsa shi ne a riƙa rera kalmomin a zuci duk tsawon busar.

Matakin da za a rera waƙar, wato yadda za a ɗaga sautinta sama ko a sauke shi ƙasa, abu ne da ake yanke shi kafin ranar ɗauka. Littattafan da makaɗa ke ɗauke da su suna da waƙoƙin a matakin da ya dace da kayan busa ko muryar namiji, don haka mace yawanci sai ta matsar da su da taki huɗu ko biyar. A nemo sauti mafi ƙasa da mafi sama na waƙar, a zaɓi matakin da zai sa yawancin kalmomin su zauna kusa da muryar magana. A gwada shi da safe, a kuma gwada da dare, don murya tana sauka tana hawa. Sannan a rubuta wa kowane makaɗi takardarsa. Ƙaho da saksofon na tena ana rubuta musu sama da abin da fiyano ke bugawa, kuma takarda ɗaya da aka manta aka bari a matakin fiyano tana iya cin rabin awa na kuɗin situdiyo.

Furuci shi ne abin da na fi ba muhimmanci bayan lokaci. Kafin 1925 ana ɗaukar waƙa ne ta bakin wani babban ƙaho, dole mawaƙi ya ɗaga murya. Da makirufo na lantarki ya zo, su Bing Crosby suka gano za a iya rerawa a hankali kamar ana yi wa mutum ɗaya magana, kuma daga nan salon ya samo halinsa. Saboda haka a fara karanta kalmomin a matsayin zance, a ji inda numfashi yake faɗuwa da kansa, a sa alama da fensir. Numfashi a tsakiyar jimla don iska ta ƙare yana kashe ma'ana. Wasali ne ke sauka kan bugu, baƙin da ke gabansa ana furta shi kafin bugun ya iso. Wanda ya ɗora baƙin a kan bugu zai ji kamar yana makara ko da ƙidayarsa daidai take. Mai Hausa a baki da ke rera Turanci ya kula da abu biyu: cusa wasali tsakanin baƙaƙen da suka haɗu, wanda ke ƙara gaɓar furucin da babu ita a karin, da haɗiye baƙin ƙarshen kalma, wanda a waɗannan waƙoƙi shi ke ɗauke da amsa-amo.

Rawar murya a bar ta sai wutsiyar dogon sauti: a fara shi a miƙe, a sake shi ya yi rawa daf da ƙarewa. Mawaƙiya Sarah Vaughan tana da rawar murya mai faɗi, amma tana iya kunna ta da kashe ta yadda ta so, kuma wannan ikon ne abin koyo. Sikat, wato rera sautuka marasa ma'ana kamar kayan busa, ba dole ba ne. Wanda bai iya rera tushen kowane haɗin sauti na waƙar daga farko zuwa ƙarshe ba, ya dakata da shi tukuna.

Yanzu sai ɗaki. A ganina babban abin da ke raba kundin da ya yi rai da wanda ya zama kwalliya shi ne a ɗauki kowa tare. Kundin Samara Joy ƙaramin rukuni ne, da Pasquale Grasso a jita da Kenny Washington a ganguna, kuma kana jin suna ba ta hanya tana ba su. Idan aka ɗauki kiɗa yau da na'urar ƙidaya a kunne, mawaƙi ya zo gobe ya ɗora murya, mai fiyano ba shi da wanda zai amsa wa, mai ganga bai san inda za a rage murya ba. Ɗauka uku ko huɗu cikakku sun isa. Daga ta biyar murya ta fara gajiya, jimloli sun zama hadda.

Makirufon da ake dangantawa da zamanin iri biyu ne: mai zirin alminiyam kamar RCA 44, da Neumann U47 da aka san Frank Sinatra da shi a kamfanin Capitol. Mai zirin yana tausasa kaifin murya, yana ji ta gaba da ta baya, gefensa biyu kuwa kurma ne, don haka a juya shi yadda ganguna za su faɗa a gefen. Yana ƙara kauri idan an matso, abin da ke da daɗi a tazarar santimita 30, ya zama gunji a santimita 10. Zirin siriri ne ƙwarai: hura masa iska don gwaji tana iya miƙar da shi, wutar fantom mai bolt 48, wadda ake aika wa wasu makirufo ta wayarsu, in ta bi ta waya marar kyau tana iya lalata tsofaffin, kuma yana buƙatar na'urar ƙara ƙarfi mai kai desibel 60 ba tare da shuu ba. Wanda ba shi da waɗannan, makirufo na yau da kullum a ɗaki mai labule da darduma zai yi, a ja baya kaɗan, a karkatar da shi daga saitin baki. Mawaƙi shi ke daidaita ƙarfinsa da jiki, ya ja baya a babban sauti, ya matso a raɗa. Na'urar danne sauti kada ta ci fiye da desibel uku. Amsa-kuwwa ta daƙiƙa ɗaya da rabi zuwa biyu ta wadatar, a rage ta har sai an kashe ta ne za a san tana nan. Auto-Tune kuwa, mai gyara sautin murya a kwamfuta, yana ɗaukar zamiyar da mawaƙi ke yi daga ƙasa zuwa kan sauti a matsayin kuskure, ya miƙe ta, alhali ita ce gishirin salon. Ƙarar tsohon faifai da wasu ke ɗorawa a kai ba na goyon bayanta ko kaɗan. Injiniyoyin wancan zamani kawar da ita suke ta fama su yi.

Abin da ya fi wuyar gyara shi ne kwaikwayon murya. Wanda ya shaƙe maƙogwaro don ya sami kaushin Billie Holiday na shekarunta na ƙarshe yana kwaikwayon abin da ciwo da wahala suka bari ne, kuma zai ji wa kansa rauni. Hanya mafi aminci ita ce a saurari waƙa ɗaya daga bakin mutum uku, a haddace gaɓa takwas na kowannensu har da inda suke numfashi, sannan a ajiye su mako guda kafin mutum ya rera nasa. Samara Joy ta taso ne a gidan waƙar coci, sai a kwaleji ta rungumi jaz sosai, ta ci gasar mawaƙan jaz mai sunan Sarah Vaughan a 2019, kuma ba ta ɓoye wannan asali a muryarta. A kundin nan ta ɗauki busar ƙahon Fats Navarro ta shekarun 1940 ta rubuta mata kalmomi nata. Mai son gwada irin wannan ya zaɓi busa mai zagaye ɗaya, ya rage saurinta zuwa rabi, ya rera ta har sai ya daina jin bambanci tsakaninsa da ƙahon, ya sa alama a duk inda mai busar ya ja numfashi, sannan ya nemi kalmomin da dogayen wasulansu za su faɗa kan dogayen sautuka.